Wa Ke Ɗauke da Bindigar a Makarantarku?

Mansur, Makka
Maris, 2018

Zuwa ga ɗana Hafizu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki, da sanyin Amurka da ka ce yana shiga har ƙashi. Mu nan alhamdu lillahi. Innarka Hadijatu ta samu sauƙin ciwon bayan, sai dai har yanzu a kan kujera take salla in mun je Harami. Warsha, wato shagon aikinmu, tana tafiya. Mun karɓi aikin tagogin wani bene a Ka'akiyya, alminiyom zalla, kafil, Balaraben da nake zaune da sunansa, ko leƙowa bai yi ba, sunansa dai ke bisa takarda kamar kullum, gumin kuwa nawa ne. 'Yata Jawahir tana gaishe ka, ko da yake na san gaisuwarta ba ta jiran bakina kafin ta isa gare ka.

Ka san halina, magana mai nauyi ba na yin ta a waya. Da hannuna nake rubutawa, a ɗauki hoton takardar a tura maka. Kai ma haka za ka yi mini.

Shekaranjiya bayan La'asar ina zaune wurin Mukhtaru mai tsire, sai ya miƙo mini wayarsa da hannunsa duk ƙuli-ƙuli, ya ce, "Alhaji Sabitu, ba a Amurka surukin naka yake koyarwa ba? To ga shi nan, an ce malaman can alli a hannu, bindiga a ƙugu." Mamman direba yana gefe ya ce, "A ce wa amarya ta fara koyon kwanciya flat tun yanzu." Aka yi dariya, ni ma na yi, don kada a ga ta shige ni. Amma tsiren nan a leda na kai shi gida.

A aji uku na bar sakandare, ban ɓoye wa kowa ba. Da jakar leda na sauka Jidda, yau ga ni da ma'aikata a ƙarƙashina. Saboda haka ba a raina mini hankali da Turanci. Ka ba ni amsa da Hausa. Shin gaskiya ne akwai dokar da ta yarda malami ya shiga aji da bindiga a ɓoye? Ta shafi makarantarku? In ta shafe ta, kai kana cikin masu ɗauka ko ba ka ciki?

Ni na yi maka alkawarin Jawahir bayan ƙaramar Salla, ita ma kai ta zaɓa, ba wanda ya matsa mata. Amma kafin in ɗaga 'yata daga garin da ko tsuntsu ba a farautarsa in kai ta can, sai na san gidan da za ta shiga.

Babanka,
Alhaji Sabitu Malumfashi

*

Afrilu, 2018

Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin sauƙin da Inna ta samu, Allah ya ƙara afuwa. Sanyi ya fara sakin mu. A gafarce ni da jinkiri, ƙarshen makon jiya horo aka kai mu, na dawo a gajiye.

Abin da Malam Mukhtaru ya nuna maka akwai gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake yaɗawa ba. A jihar da nake, doka ta bar wa kowace hukumar makaranta ta yanke wa kanta ko za ta yarda wasu daga cikin ma'aikatanta su riƙe bindiga. Ba kowa ba ne, kuma ba a tilasta wa kowa. Wanda ya so shi ke nema, a bincike shi, a horar da shi, kuma dole ta kasance a ɓoye cikin tufafi, yara ba sa gani. Garinmu ƙauye ne a tsakiyar gonakin masara, in wani abu ya faru kafin 'yan sanda su iso an daɗe. Wannan ya sa iyaye suka matsa, makarantarmu ta karɓi tsarin bara.

Game da tambayarka ta ƙarshe, Baba, ka yi mini haƙuri, wannan maganar ba a yin ta.

Na kama gidan da na gaya maka, kusa da masallacin da muke Juma'a. Na sa labule, ban sani ba ko kalar za ta yi wa Jawahir. A gaishe da Inna da mutanen warsha.

Ɗanka,
Hafizu

*

Mansur, Makka
Afrilu, 2018

Hafizu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Labule kuma Allah ya sa albarka, ba shi na tambaye ka ba.

Tambaya uku na yi maka. Biyu ka amsa su dalla-dalla kamar kana gaban allo, ta ukun ka ce ba a yin ta. Wa ba ya yin ta? Ni da na yanka ragon sunanka?

Na sake karanta takardarka sau da yawa. Ka ce wanda zai ɗauka horar da shi ake yi. A saman takardar kuma ka ce horo aka kai ku. Ko ka ɗauka ba zan haɗa biyun ba?

Ba shi ke nan ba. Na sa Jawahir ta buɗe mini hotunan da kake turo mata. Ta yi ta ƙunƙuni da Larabci, "Ya Abuya, aib," wai Baba wannan abin kunya ne, hotunanta ne, na ce ta buɗe. Hotonka na bara a gaban aji, riga ce kawai a jikinka a cusa cikin wando. Na bana duk da kwat, har wanda ɗalibanka suke sanye da riguna masu gajeren hannu. Mutum yana jin zafi ya sa kwat don me? Sannan Innarka ta ce Jawahir ta gaya mata ka sayi akwatin ƙarfe mai lamba ka kafe a ɗakin kwana. Me malamin lissafi ya tara da yake buƙatar akwatin ƙarfe?

Kai ƙarami ne lokacin da ubanka ya rasu, abin da aka gaya maka kawai ka sani. Ni na wanke shi. Ɗan'uwana Dawuda bai taɓa faɗa da kowa ba. Ɓarayi suka dami unguwa, aka ce a kafa 'yan sintiri, aka ba shi bindigar harbi-ka-ruga don ya kare mutane. Bai taɓa harbin ɓarawo ko ɗaya ba. Yana zaune a zaure yana goge ta, ta tashi. Haka ake fara ta kullum, don kare mutane. Tun daga ranar ban sake yarda da ƙarfen nan ba, ko a hannun wa yake.

Ba na son bayani. Kalma ɗaya ce, eh ko a'a.

Alhaji Sabitu

*

Mansur, Makka
Sha'aban

Hafizu,

Salamu alaikum. Lafiya lau muke, in kana son sani.

Jawahir ta nuna mini alamar nan ta shuɗi, ta ce tana nufin ka buɗe takardata tun ranar da aka tura. Ga shi wata ya kusa juyawa. Kullum kuna magana da ita, ina jin dariyarta ta bayan ƙofa, amma ni babu amsa.

To ka ji. Na je wurin mai ɗakin taron da muka kama a Tandabawi na ce ya dakata. Na hana Innarka kai ɗinki. Mata sun fara tambayar ta a wurin ta'aziyya, "Hajiya, yaushe ne bikin?" tana cewa sai an ga wata. Ni kuma na daina zama wurin Mukhtaru, don da na doso zai ɗaga murya, "Alhaji, ya labarin Janar?" Janar suke kiran ka yanzu a Mansur. Ka ga abin da ka jawo mini.

Gidan nan ba daɗi. Jawahir ta daina yi mini Hausa kwata-kwata. In na ce ta kawo shayi sai ta ce "hadir", wato "to" da Larabci, ta dire ta juya. Uwarta ta ce ni ne mai taurin kai. Na ce taurin kan nan shi ya ciyar da ku.

In shirun naka amsa ne, na ji.

Alhaji Sabitu

*

Mayu, 2018

Baba,

Assalamu alaikum. Allah ya huci zuciyarka. Ban yi shiru don raini ba. Na rubuta takardu na yaga, don duk wadda na rubuta sai in ga ko dai na yi maka ƙarya ko na karya alkawari.

Bari in fara da masu sauƙi. Horon nan na kowa ne, har mai dafa abinci da mai shara. Ana koya mana yadda za a kulle aji, a ɓoye yara, a ɗaure rauni. Kwat kuma sabon shugaban makaranta ne ya ce mu riƙa sawa. Akwatin ƙarfe, fasfo ɗina da takardun zamana ne a ciki. Na san za ka ce duk wanda ke ɗauke da bindiga ma abin da zai faɗa ke nan. Gaskiyarka. Ba ni da yadda zan yi da wannan.

Ga abin da ban yi maka bayaninsa sosai ba. Mu ma'aikata kaɗan ne, kowa a garin ya san kowa. Ranar da aka karɓi tsarin, aka tara mu a ɗakin karatu, muka yi wa juna alkawari cewa ba wanda zai ce yana ɗauka, kuma ba wanda zai ce ba ya ɗauka. Na biyun ya fi wuya. In duk marasa ɗauka suka riƙa cewa "ni dai ba ni ba ne", wannan ya gaya wa matarsa, wancan ya gaya wa abokinsa, ba za a daɗe ba sai a ƙirga a ga waɗanda suka rage. Wanda ya shigo da mugun nufi kuma su zai fara nema. A cikinmu akwai dattijuwa mai jikoki, akwai yarinya da ta fara aiki bana. Ban san ma duka waɗanda ke ɗauka ba. Abin da na sani shi ne na ɗaga hannu na yi alkawari tare da su.

Za ka ce Makka ina, ƙauyen nan ina, wa zai ji? Baba, ka gaya wa Inna, Inna ta gaya wa ƙawarta, Malam Mukhtaru ya ji, ya sa a waya. Akwai 'yan Najeriya a garin da ke kusa da mu. Ko da ba wanda zai ji ma, alkawarin bai ce "sai dai in babanka ne" ba.

Jawahir ma ta tambaye ni. Ban gaya mata ba. Ta yi fushi, daga baya ta ce in dai ba mace nake ɓoyewa a cikin kwat ɗin ba, ta haƙura.

Maganar Babana Dawuda ta hana ni cin abinci ranar da na karanta. Ban san kai ka wanke shi ba. Allah ya jiƙansa, ya saka maka da alheri.

Ɗanka,
Hafizu

*

Mansur, Makka
Farkon Ramadan

Hafizu,

Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ibadarmu. Garin ya cika da masu Umra, mota ba ta shiga Mansur sai da faɗa. Innarka tana ta suyar sambusa kamar za ta ciyar da ƙasa.

Na karanta. Ka iya tsara magana, dama don haka na biya maka makaranta. Amma dubi abin da ka ce da kyau. Ka yi wa dattijuwar Nasara alkawari, ka riƙe. Ni da na riƙe ka tun kana rarrafe, na tambaye ka kalma ɗaya ka hana ni. Sannan ka nuna mini cewa bakin matata ba ya rufuwa. Wannan gaskiya ne, amma ba kai za ka faɗa ba.

Kuma wannan dabarar taku ban ga wayonta ba. Yaro ya shiga aji bai san ko wanda ke koya masa lissafi yana da abin kashe mutum a jikinsa ba. Uba ya kai ɗansa bai sani ba. Kowa yana kallon ƙugun kowa. Wannan makaranta ce?

Ga hanya biyu, ka zaɓa. Ko dai ka bar makarantar nan ka nemi wadda babu wannan tsarin. Ko kuma in ka zo, mu je Harami ni da kai, ka dubi Ka'aba ka gaya mini. Na rantse ko Innarka ba za ta ji ba. In ba ka yi ɗaya daga ciki ba, to ka zo Umrarka a matsayin ɗana, ka ci abincin gidana, ka koma kai kaɗai.

Alhaji Sabitu

*

Ramadan

Baba,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Azumin nan namu dogo ne, rana ba ta son faɗuwa, amma muna lafiya.

Barin makarantar ba zai yiwu yanzu ba. Takardar zamana a kansu take, kamar yadda taka take a kan kafil. In na bar su, na bar ƙasar.

Harami kuwa zan bi ka duk lokacin da ka ce. Amma ka san ba zan je gaban Ɗakin Allah don in karya alkawari ba, kai ma ba za ka so a ce kai ka kai ni ba.

Ina son Jawahir, ka sani. In ka hana ni ita ba zan yi maka musu ba, ba zan kuma bi ta bayanka ba. Na gaya mata haka, ta kashe waya a kunnena. Tikitina yana nan, zan zo bayan Salla ko da gaisuwa ce kawai.

Hafizu

*

Mansur, Makka
Ƙarshen Ramadan

Ɗana Hafizu,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Innarka lafiya, Jawahir lafiya. Ni ne dai a kwance da gwiwa, kada ka damu, targaɗe ne. A kwance nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace.

Takardarka ta same ni na riga na gama yanke shawara. Har na gaya wa mai ɗakin taro ya ba wasu ranar.

Bari in gaya maka yadda aka yi gwiwar, don in ban faɗa ba Mukhtaru zai faɗa maka da ƙari. Ranar Talata da hantsi ina bakin warsha muna loda tagogi, sai motar masu duba iƙama, takardar zama, ta shigo layin. Ka san layin namu, warsha ce jere, maƙera, kafintoci, masu gyaran firji. Akwai abin da ake yi a layin nan tun da daɗewa. In motar ta shigo, kowa yake watsewa, mai takarda da marar takarda. Ni ban taɓa yi ba. Shekarata nawa a ƙasar nan iƙamata ba ta taɓa mutuwa ko na yini ɗaya ba, ma'aikatana duk tsaf suke. Sai in gyara tsayuwa in sa hannu a aljihu, su zo su duba su wuce. Gudu na marasa gaskiya ne, haka nake cewa.

To ran nan akwai wani Yunus, mutumin Maraɗi, mai walda a warshar da ke kusa da tawa. Kafil ɗinsa ya ɓace masa, iƙama ta mutu, matarsa ta haihu a farkon azumi. Yana tsugune a tsakiyar ma'aikatana, ya zo aron abin yanka. Da motar ta tsaya, yarana suka dube ni, don sun san ba na son gudu. Ba wanda ya motsa. Yunus ya miƙe shi kaɗai, ya duba hagu ya duba dama. Na ga in ya ruga shi ɗaya, ko makaho ya san wa za a bi.

Ban san lokacin da na tattare jallabiya ba. Ni, Alhaji Sabitu, da tumbina, da azumi a bakina, na yi hanyar masallaci da gudu ina cewa, "Yalla, ku watse!" Layi ya hargitse. Ban yi nisa ba na taka guntun bututu, sai ga ni a ƙasa. Wani matashin jami'i ya iso yana haki, sa'an ɗana, na miƙa masa iƙama. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Ya Hajj, takardarka lafiya lau, me ya sa ka gudu?" Na ce na ga mutane suna gudu ne. Ya ce, "To wane ne ba shi da ita a cikinsu?" Na ce gwiwata ke ciwo. Ya girgiza kai, shi ya ɗaga ni ma ya zaunar da ni a inuwa, Allah ya yi masa albarka. Yunus dai a gidansa ya sha ruwa ran nan.

Da aka kawo ni gida, Jawahir ce ta zo da man zafi. Tana shafawa tana danna wurin da gangan. Can sai ta yi mini Hausa, karo na farko tun Sha'aban. Ta ce, "Abuya, kai da kake da iƙama, me ya kai ka gudu?" Na ce, "Ke ba ki da hankali? In masu takarda suka tsaya, ai an gane marasa ita." Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Tayyib," wato ya yi kyau. Ta rufe kwalbar man, ta je ta ɗauko biro da takarda ta ajiye mini a kan ciki ta fita.

Kada ka yi murna da yawa. Ba ɗaya ba ne, kuma kada ka ce na ce ɗaya ne. Iƙama ba ta tashi a zaure ta kashe mai ita. Dokar nan taku har gobe ban yarda da ita ba, kuma duk wanda ya kawo ta bai taɓa wanke ɗan'uwansa ba. Zuciyata har yanzu tana gaya mini kana ɗauka. Wani lokacin kuma ta ce ba ka ɗauka, taurin kai ne kawai irin na gidanmu. Haka zan zauna da ita, ga alama har in mutu.

Na kira mai ɗakin taro, ashe bai ba da ranar ba, ya ce ya san ni da saurin fushi. Innarka ta kai ɗinki tun kafin in ba ta izini. Ka zo da babbar riga, ba na son ganin kwat ɗin nan a wurin ɗaurin aure, Mukhtaru zai samu abin faɗa.

Saura abu ɗaya. Na janye tambayata. In ka zo, za mu zauna, za ka ga na tsufa, ga ɗingishi, wataƙila tausayi ya kama ka ka ce bari ka raɗa mini a kunne don hankalina ya kwanta. Kada ka yi. Ko na sake tambayar ka, don na san kaina zan sake, kada ka faɗa. Wanda ya ƙi gaya mini shi na ba Jawahir. In ka gaya mini, ban san wanda na ba ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Babanka,
Alhaji Sabitu Malumfashi